Dashen kwakwar manja na kwalba: abin da na gani a gonata

Kwakwar manja ba ta fitar da 'ya'yan dashe a gindi kamar ayaba ko dabino, kuma ba a dasa reshenta, domin kan tsiro ɗaya tak gare ta; sai dai a shuka ƙwararta, kuma 'ya'yan ƙwara ba sa fitowa iri ɗaya. Shi ya sa ko irin tenera mai kyau ka shuka, wato auren irin dura mai kaurin ɓawon ƙwara da irin pisifera marar ɓawon ƙwara, sai ka tarar wata bishiya ta yi nono goma, maƙwabciyarta ko rabi ba ta kai ba. Wannan bambanci ne ya sa na sayi dashen ɗakin gwaje-gwaje na zuba a wani sashe na gonata a Kurmi, jihar Taraba.

Yadda ake yin sa, ana zaɓar bishiyar da ta yi fice wajen mai, a yanko ɗanyen ganyen da bai buɗe ba daga cikin kanta, a sa shi a kwalba mai sinadaran abinci. Can sai ya kumburo da wani tsiro, daga shi a samu ɗaruruwan dashe masu jini ɗaya da uwar. Aikin yakan ci shekaru, kuma nan tsadarsa take, don kuɗin da na biya ya ninka na tenera.

A leda sun ba ni wahala. Saiwarsu ba ta da ƙarfi da farko, sai da rumfa da ban ruwa safe da yamma. Amma da na dasa su a tazarar mita 9 a jerin kusurwa uku, wadda ke ba da bishiya 143 a hekta, na ga abin da na saya: tsayi ɗaya, ganye ɗaya, kuma wajen shekara ta uku suka fara nono kusan tare. Masu matsar manja sun ce naman ya fi kauri, ƙwarar ƙarama.

Inda raina ya ɓaci shi ne wasu bishiyoyi da suka fito da 'ya'ya masu ƙarin ɓawon nama kewaye da su, nonon ya ruɓe ba mai. Wannan cuta sananniya ce tun shekarun 1980 a Malesiya, kuma a 2015 masana na hukumar kula da manja ta Malesiya (MPOB) da abokan aikinsu suka gano tushenta a wani sashe na ƙwayar halitta da suka kira Karma, har aka samu gwajin da ke nuna ta tun dashe yana ƙarami. Wanda ya sayar mini bai taɓa ambata wannan ba. Manomi kuwa ba ya ganin aibin da ido sai bishiya ta yi fure, bayan ya kashe taki da shekaru.

Zan ƙara saye, amma sai na ga takardar asalin uwar da shaidar gwajin. Sauran gonar kuma tenera zan ci gaba da sawa, don bishiyoyi masu jini ɗaya cuta guda na iya kwashe su gaba ɗaya.