Damina guda da na'urar tsotse laima a ɗakin ninkayarmu

Ina kula da wani wurin motsa jiki na mata zalla a Unguwar Rimi da ke Kaduna, kuma saboda sutura muka rufe tafkin ninkayar ruf. Rufin ya kawo mana mata, ya kuma kawo mana laima. Daminar bara, da Agusta ya kama, gilasai suka riƙa zubar da raɓa, silin ya yi baƙi da funfuna, ƙarafan rufi suka soma tsatsa. Mun ƙara iyakwandishan, a banza: masu fitowa daga ruwa suna rawar ɗari, bango kuma yana nan jiƙe.

Bana muka sa na'urar tsotse laima, irin wadda ake kafawa a bango. Aikinta kamar na firij ne. Tana jan iskar ɗakin ta bi da ita kan bututu mai sanyi, danshin ya koma ruwa ya fita ta tiyo, iskar ta dawo a bushe da ɗan ɗumi. Mai haɗa ta ya saita ta yadda laimar iskar ɗakin za ta tsaya a kashi 60 cikin 100, ya ce mu bar iska ta fi ruwan ɗumi da digiri 1 zuwa 2, don kada tururi ya yawaita. Ruwanmu yana kan digiri 28. Cikin mako guda gilasai suka washe. Wata hajiya da ta daina zuwa ta dawo, ta ce mini: "'Yar nan, yau dai na numfasa."

Sai dai na'urar tana shan wuta, idan muna kan janareta dizal yana gaya mana. Abin da ya rage mana wannan nauyi shi ne lulluɓe tafkin da murfinsa da zarar an tashi, domin daga fuskar ruwan danshin yake tasowa, ko da dare. Warin kulorin kuwa, wato maganin tsaftace ruwan tafkin, na'urar ba ta taɓa shi, sai da muka sa fanka mai fitar da iska waje. Da an faɗa mana haka tun farko, da mun haɗa aikin lokaci guda.

Da hunturu ya shigo, iskar Kaduna ta bushe, sai mu ɗan buɗe tagogin sama, na'urar ta huta. Ƙurar ce kawai ke toshe matatarta, duk Asabar nake cirewa in wanke.