Fiɗar kurege da ta zomo: inda suka sha bamban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yadda ake fiɗar zomo haka ake yi wa kurege. Ba ɗaya ba ne, kuma fata ce ta raba su.

Fatar zomo ba ta da kauri, a sake take a jikinsa. Ka tsunkulo ta a tsakiyar gadon baya, ka ɗan tsaga, ka zura yatsu biyu-biyu ka ja, rabi ya yi wajen kai, rabi wajen bindi. Cikin minti ɗaya ka gama.

Ta kurege kuwa a manne take da tsoka kam, ja da yatsu ba ya fitar da ita. Fara jiƙa shi da ruwa, domin gashinsa in ya manne wa nama sai ka tsince shi ɗai-ɗai. Ka kifa shi, ka ɗaga wutsiya, ka yanka ta ƙarƙashinta har ka raba ƙashin, amma kada wuƙa ta huda fatar sama. Ka faɗaɗa yankan kamar santimita 3 kowane gefe, ka taka gindin wutsiyar, ka kama ƙafafun baya ka ja sama a hankali. Fatar za ta saɓule kamar riga har kafaɗu. Wadda ta saura a cinyoyi sai ka janye ta da hannu. In wutsiyar ta tsinke, dalilin shi ne ko dai wuƙarka ta yanka fatar sama, ko kuma can wajen ƙarshen jela ka taka. Kuma a yi shi da ɗuminsa, in ya sandare wahala ce.

Wajen fitar da kayan ciki, zomo ya fi son lallaɓawa. Kafin ka tsaga, matsa mararsa da babban yatsa zuwa ƙasa fitsarin ya fita, don in mafitsara ta fashe a kan nama zarnin ba ya wankuwa. Kaifin wuƙa ya dubi sama kada ka huda hanji. Ka cire matsarmama daga hanta ba tare da ta fashe ba. Hantar da ke da fararen ɗigo-ɗigo alamar cuta ce, a zubar da dabbar gaba ɗaya. Shi ya sa safar hannu ta zama dole, musamman in kana da rauni a yatsa. Shi kurege, duba hammatarsa: akwai 'yan ƙulalai launin toka cikin kitse, cire su, su ke kawo wari.

Kurege gida biyar ake sara shi: cinya biyu, hannu biyu, gadon baya. Da kurege da zomo, duka biyun a jiƙa su kwana ɗaya a firiji, babban cokali ɗaya na gishiri a litar ruwa. Tsohon kurege sai ya yi kusan awa biyu kan ƙaramar wuta kafin ya yi laushi, zomo kuwa ba shi da kitse, wuta mai ƙarfi busar da shi take yi. Kowanne dai cikinsa ya kai digiri 71 na Salsiyos kafin a sauke.