Toyota GR Supra: Sunan Japan, Injin Jamus

Toyota GR Supra da ta fito a 2019 mota ce mai daɗin tuƙi, domin tana riƙe titi a kwana, kuma tana zabura da zarar an taɓa totur. Sai dai wanda ya ɗaga bonet zai tarar da tambarin BMW a jikin kayayyaki da dama, saboda injinta B58 na BMW ne, kuma a birnin Graz na Ostiriya aka haɗa ta tare da motar BMW Z4. Wannan yana damuna ƙwarai, tunda tsohuwar Supra da injin 2JZ na Toyota ta yi suna. Mai saye a Kaduna ya sani cewa makanikin BMW zai nema, ba na Toyota da ya saba da shi a Panteka ba.