Wasiƙa daga Berlin, inda 'yan amshi ke cin albashi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, musamman Inna da yara. Ka ce in daina turo muku hoton dusar ƙanƙara, in rubuto yadda kuɗi ke tafiya a nan, me ake biya kuma me ake samu. To ga shi.

Zancen cefane gajere ne. Burodi da madara da dankalin turawa ba su da tsada in aka auna da albashi. Naman halal sai shagunan Turkawa da Larabawa, ga su nan birjik a unguwannin Wedding da Neukölln. Doya ce 'yar sarauta, sai shagon 'yan Afirka, kuma kuɗin ƙwaya ɗaya sai ya sa ka tuna gida. Ruwan famfo kai tsaye ake sha, robar lemo in ka mayar cikin inji a ba ka santi 25, ran Lahadi manyan kantuna a rufe suke. Wuta kuwa tun da na zo ban ga ta ƙifta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai wata takarda ce. Ban daɗe da yin rajistar adireshina ba sai ga wasiƙa, wai kowane gida zai riƙa biyan Yuro 18.36 duk wata, kuɗin gidajen rediyo da talabijin na jama'a, ko kana da akwatin ko ba ka da shi. Ni da ko rediyo ban mallaka ba. Na yi ta mita a wurin aiki, har wata tsohuwa cikin waɗanda nake kula da su ta gaji da ji. Ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, amma kai garau. Ta ce in buɗe durowarta in ɗauki tikitin da jikarta ta saya mata, tunda ba za ta iya zuwa ba, in je in ga inda wani yanki na kuɗina ke shiga.

Tikitin na wata ƙungiyar mawaƙa ce da ake kira RIAS Kammerchor. Kwaya ce, irin ta coci da muke jiyowa daga Wusasa ran Lahadi (kwaya na ce, ba ƙwaya ba, kada Inna ta ji ta tayar da hankali), sai dai waɗannan ba na coci ba ne, kuma ba bayan an tashi aiki suke haɗuwa ba. Waƙar ce aikin. Su talatin da 'yan kai ne, maza da mata, an kasa su murya huɗu daga siririya zuwa mai kauri. Suna zuwa gwaji kamar yadda malamin makaranta ke zuwa aji, ƙarshen wata albashi ya shigo.

Tsohuwar ce ta ba ni tarihin, domin da sunan ta girma. RIAS gidan rediyo ne da Amurkawa suka buɗe a 1946 a yankin da suke riƙe da shi, bayan yaƙin duniya na biyu da aka raba Berlin gida huɗu. An kafa ƙungiyar mawaƙan a 1948, daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga yammacin birnin, abinci da kwal sai ta jirgin sama ake saukewa. Ka duba fa, mutane na lissafin abin da za su ɗumama ɗaki da shi, ana kuma ɗaukar mawaƙa aiki. Ita a gabashin birnin ta tashi, inda hukuma ke tsangwamar masu sauraron tashar har da toshe ta da ƙara. Ta ce mahaifinta sai ya rufe taga ya rage murya sannan ya kamo. Na tuna Baba da rediyonsa a zaure da asuba, sai dai shi ba ya tsoron kowa ya ji.

Da katangar da ta raba birnin ta faɗi, aka haɗe Jamus a 1990, gidan rediyon ya rasa dalilin zamansa. Sashensa na talabijin Deutsche Welle ce ta gaje shi a 1992, wannan dai da kuke jin sashenta na Hausa. Mawaƙan kuwa ba a sallame su ba. A 1994 aka kafa kamfani guda ya riƙe su, tare da wata babbar kwaya da ƙungiyoyin makaɗa biyu. Rediyon ƙasa na Deutschlandradio ke da kashi 40 cikin ɗari, gwamnatin tarayya 35, jihar Berlin 20, rediyon yankin 5. Ta ƙofar gidajen rediyon nan ne kuɗina ke isa maƙogwaronsu. Sunan RIAS ya rage a jikinsu kamar tsagar gado.

Na je. Zauren Philharmonie wani gini ne ruwan ɗorawa kusa da Potsdamer Platz, an buɗe shi a 1963, masu sauraro zagaye da dandamali ta ko'ina. Ka ajiye rigar sanyi a ba ka lamba, a kaɗa ƙararrawa, a rufe ƙofa, wanda ya makara ya jira a waje. Ba lasifika, ba janareto, ba sanƙira. Jagoransu a lokacin wani Bature ne ɗan Ingila, Justin Doyle, wanda ya karɓi ragamar a 2017. Hannu kawai ya ɗaga, sai na ji mutum talatin sun ja numfashi lokaci guda, shuuu, kafin sauti ya fito. Yaya, tsigar jikina ta tashi. In suka ƙare kalma da harafin "t", sai ka rantse bakin mutum ɗaya ne. Ni da na saba amshi ya biyo bayan waƙa, a nan kowane rukuni da tasa hanyar, wannan ya shiga, wancan ya bi sawunsa, su sarƙe kamar saƙar tabarma, sannan su sauka wuri ɗaya. Kowa riƙe da takarda yana karanta sauti kamar jarida.

Waƙar Bach ce, wani Bajamushe mai tsara kiɗa da waƙa, wanda ya yi aiki a birnin Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Baitocin na addininsu ne, ni dai gwanintar na je gani. Ƙungiyar ta yi suna wajen rera irin waɗannan tsofaffin ayyuka da kayan kiɗa irin na zamanin, musamman tun shugabancin Marcus Creed daga 1987. Gogensu ma tsirkiyar hanjin dabba ce, abin gogawa kuwa izgar doki ce irin ta namu. Suna kuma sa mawallafan yanzu su rubuta musu sababbi, kuma duk 1 ga Janairu suna da wasan sabuwar shekara a wannan zauren.

Na yi abin kunya ɗaya. Da aka kai ƙarshen wani sashe mai daɗi sai na tafa. Ni kaɗai. Wani dattijo a gefena ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, bai ce uffan ba. Ashe sai an gama duka ake tafi. Da aka gama kuwa suka tafa har hannu ya yi zafi, amma ko santi ba wanda ya liƙa.

Tsarin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Mawaƙin nan ba ya jiran mai gida ya yi fara'a, ba ya wasa kowa don ya ci abinci, in ya kwanta ciwo akwai inshora, in ya tsufa akwai fansho. Ka san yadda wasu 'yan amshinmu ke ƙarewa in ubangidansu ya rasu. Amma duk daren nan ba a ambaci sunan kowa ba, ba wanda aka tuna wa kakansa har ya miƙe tsaye. Na fito na shiga jirgin ƙasa, kowa ya yi gum kamar an dawo daga ta'aziyya.

Washegari na kunna wa tsohuwar kiɗan kalangun bikin Hajiya ƙarama da ka turo mini. Ta saurara har ƙarshe tana kaɗa yatsa a kan bargo, sannan ta tambaye ni nawa ake biyan mutanen da ke amsawa a baya. Na ce zan tambayo. Don Allah in ka haɗu da makaɗin nan na bayan layinmu, ka tambaye shi yadda suke raba liƙi, da kason da ke isa hannun 'yan amshi, domin kullum na shiga ɗakinta sai ta tuna mini. A gaida Inna, a ce mata kuka da daddawar sun kusa ƙarewa.