Sony a6400 da lensi 18-135: inda suka yi rawar gani da inda suka gaza a tafiyar ƙura

Wanda zai sayi kyamarar tafiya a Arewa, kafin ya tambayi yawan megafiksel, gara ya tambayi sau nawa kyamarar za ta tilasta masa kwance lensi a fili. Kyamarori marasa madubi irin Sony a6400, da zarar an cire musu lensi, sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya zama hoto, tana nan tsirara, ba abin da ya kare ta. A lokacin hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, iskar da ke kwaso ƙura daga yankin Bodele na Chadi ba ta buƙatar minti ɗaya kafin ta ajiye nata rabon a kai. Shi ya sa wannan sharhin ya haɗa jikin kyamarar da lensi ɗaya, Sony E 18-135mm F3.5-5.6 OSS, domin a ganina tare ya kamata a auna su.

Kyamarar ta fito a 2019. Sensarta matsakaiciya ce, irin da ake kira APS-C, mai megafiksel 24.2, nauyinta da batir da kati giram 403, lensin kuma giram 325. Jimla giram 728 ke nan, abin da wuya zai iya ɗauka daga hantsi har la'asar ba tare da ƙorafi ba. Tazarar 18 zuwa 135 a wannan sensar daidai take da kusan 27 zuwa 200 a babbar sensa. Ma'ana, da lensi ɗaya za ka ɗauki faɗin Masallacin Agadas da hasumiyarsa, ka juya ka jawo fuskar mai rini a Ƙofar Mata daga nesa ba tare da ka tsaya masa a ka ba. Ƙaramin lensin 16-50 da ake yawan haɗa ta da shi ya fi sauƙi, amma gefunan hotonsa ba su da kaifi, kuma ba ya kai wa nesa, don haka ko ba jima ko ba daɗe sai ka sayi na biyu, ka koma sauye-sauyen da ake gudu.

Inda a6400 ta fi burgewa shi ne kama abu mai motsi. Tana da wuraren saita fokos 425 da suka mamaye kusan dukkan fuskar hoton, tana bin idon mutum ko da yana tafiya, kuma tana ɗaukar hotuna 11 a daƙiƙa. A wurin hawan sallah, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje don jahi, saitin da ke aiki shi ne: saurin ƙyifta 1/1000 zuwa 1/2000 na daƙiƙa, fokos a kan AF-C (wanda ke ci gaba da saita kansa) tare da bin abu, ISO (ma'aunin jin haske na sensa) a bar shi ya zaɓi kansa amma a yi masa iyaka a 3200. Ƙasa da 1/1000, kofato da jelar rawani za su fito a dagule. Sai dai a kula, idan RAW kake ɗauka, wato ɗanyen fayil da ba a sarrafa ba, wajen hoto 46 ne a jere kafin kyamarar ta cika ta fara numfashi, kuma ramin katinta UHS-I ne, ba shi da saurin kwashewa. Wanda ya danne maɓalli tun dawakai suna nesa, lokacin da za su iso gabansa kyamarar tana can tana rubutu. A riƙa dannawa a gutsure, daƙiƙa ɗaya ɗaya. Kada kuma a yi amfani da ɗaukar shiru a kan abu mai gudu, domin sensar tana karanta hoton ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sai ka ga mashi ko sandar tuta sun karkace.

Lensin yana da nasa halin. A tsakiyar hoto yana da kaifi tun daga 18 har wajen 100, a 135 yakan ɗan sassauta, amma rufe ƙofar haske zuwa f/8 yana gyara shi. A 18mm, ɗanyen fayil ɗin RAW yana zuwa da duhu a kusurwoyi huɗu. Kyamarar tana gyara wannan da kanta a JPEG, manhajojin gyaran hoto ma suna da ma'aunin lensin, amma idan ka ɗora filta mai kaurin baki, ko ka jera biyu, duhun zai fi ƙarfin gyara. Bakin lensin 55mm ne. A sa masa filtar kariya siririya guda ɗaya, a bar malfarsa a kai kullum, ba don rana kaɗai ba, har don kafaɗun mutane a cikin cunkoso. Da magariba kuwa lensin yakan yi sanyi, tunda f/5.6 ba ta shigar da haske sosai. Mai son hoton kasuwar dare ko masu tsire zai buƙaci irin Sigma 30mm F1.4, giram 265. To a nan ne babban gibin kyamarar yake fitowa: jikinta ba shi da na'urar hana girgiza. Lensin 18-135 yana da tasa, Sigma ɗin ba shi da ita, saboda haka da shi kada a sauka ƙasa da 1/60, in hannu yana rawa ma 1/125. Akwai wuri a menu da ake kafa wannan iyaka, a kafa ta sau ɗaya a huta.

Batir kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. NP-FW50 ƙarami ne, kamfanin da kansa hoto 410 ya ce zai yi idan da allo ake kallo, 360 idan da ƙaramin madubin ido. Ranar biki, batir uku ne mafi ƙaranci. Kwalin ba ya zuwa da cajar waje, a jikin kyamarar ake caji ta tsohon bakin micro USB, wanda ke nufin kyamara tana ɗaure a bango duk lokacin da batir ke ci. A sayi caja mai rami biyu da ke karɓar wuta daga fawa bank, musamman ga mai zuwa garin da wutar lantarki sai an yi sa'a. Wani abu da ke cinye batir a ɓoye: akwai ƙaramar na'ura kusa da madubin ido mai gane an kawo fuska. Idan kyamara tana rataye tana gogar ƙirji, sai ta ɗauka ido ne, ta ƙi yin barci. A kashe kyamarar gaba ɗaya tsakanin ɗauka da ɗauka, a kuma kunna yanayin jirgin sama don kada ta riƙa neman waya. Mai hawa jirgi ya tuna cewa batiran ajiya a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna ba, kowanne da murfinsa ko a ƴar leda don kada bakinsa ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi.

Zafi ma abin lura ne. Iyakar da aka rubuta mata digiri 40 ce, Sakkwato da Maiduguri kuwa a watan Afrilu sun saba wuce haka. A hoto ba ta cika damuwa ba, a bidiyon 4K ne takan nuna alamar zafi ta mutu. Mayar da saitin da ke kashe ta saboda zafi zuwa babba da ɗan janye allon daga jiki suna ƙara mata lokaci. Barinta a mota a rufe da rana kuwa ganganci ne, batir yakan kumbura, man da ke cikin lensi kuma yakan narke ya hau gilashi.

Yanzu ƙura, wadda ita ce ainihin abokiyar gaba. An ce jikin a6400 yana da ɗan kariya daga ƙura da danshi, amma lensin 18-135 ba shi da robar nan da ke toshe mahaɗa. Kuma duk lokacin da aka murɗa shi ya miƙe ya koma, iska yake zuƙa yana fitarwa. Don haka kafin a mayar da shi ciki, a share bututun da ya fito da busasshen ƙyalle mai laushi. Idan dole sai an sauya lensi, a shiga mota ko ɗaki, a kashe fanka, a kashe kyamara, a kwance murfin sabon lensin tukuna, a kifa fuskar kyamara ƙasa, a gama cikin daƙiƙa biyar.

Gane ko sensa ta yi datti ba wuya. A sa ƙofar haske a f/16 ko f/22, ISO 100, a ɗauki sararin sama ko farin bango tare da gangantar ɓata fokos, sannan a faɗaɗa hoton. Ɗigon da ke fitowa wuri ɗaya a kowane hoto, a kan sensa yake. Ƙurar da ke gaban lensi ba ta fitowa haka, kada a wahalar da gilashi da goga a banza. Matakin farko shi ne yanayin tsabtacewa na cikin menu, wanda ke karkaɗa sensar. In bai fita ba, a cire lensi, fuska ƙasa, a hura da famfon roba irin Giottos Rocket sau biyar ko shida ba tare da bakinsa ya shiga ciki ba. Ba a hurawa da baki, yawu yana barin tabo wanda ya fi ƙurar wuyar fita. Ba a kuma amfani da iskar gwangwani ko ta masu faci. Abin da ya ƙi fita bayan wannan, sai tsinken goge sensa mai faɗin milimita 16, wanda aka yi wa APS-C, da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa. A ja shi sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, a juya ɗaya fuskar a dawo, a jefar. Ruwa ya yi yawa, zai bar zane. An sake amfani da tsinke, ƙwayar yashin da ya ɗauko ita za ta karce gilashin. Ƙa'idar ɗaya ce a kan lensi da filta: hurawa da farko, burushi mai laushi na biyu, ƙyalle a ƙarshe. Gefen riga ko rawani ba ƙyallen lensi ba ne, komai tsabtarsa.

Da damina matsalar takan juye. Fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri zuwa waje mai danshi, kamar a Jos bayan ruwa ko a Legas kowane lokaci, yana sa gilashi ya yi gumi ciki da waje. A sa kyamara a leda mai zif tun a ɗaki, a fito da ita, a ba ta minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe. Ajiya ta dogon lokaci kuma ba a jakar fata ko ƙasan akwati ba, nan fumfuna ke kama lensi, kuma in ta yi saiwa a jikin gilashi ta ci shi ke nan. Robar abinci mai murfi da ƙullin silika, ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, sun wadatar, in za a riƙa busar da silikar lokaci lokaci. Danshin da ake so wajen kashi 40 zuwa 50 ne cikin ɗari.

Ramin kati ɗaya ne tak, ba ta da na biyu da zai riƙe kwafi. Saboda haka katuna biyu ko uku masu 64GB sun fi guda ɗaya babba, kowanne yana ɗaukar RAW sama da dubu biyu, kuma a nemi mai alamar V30 don bidiyo. Araha ba ta ado a nan, jabun kati ya cika kasuwa. Kafin tafiya a gwada sabon kati da manhajar H2testw, wadda ke cika shi ta karanta don tabbatar da girman da aka rubuta gaskiya ne. A kwashe hotuna kowane dare zuwa wuri biyu, sannan a goge kati daga cikin kyamarar, ba daga kwamfuta ba.

Mai kuɗin da ya kai, a6700 ta 2023 ta toshe gibin girgiza da na batir, da babban NP-FZ100. Amma da a sayi jiki mai tsada a manna masa lensi mai rauni, gara a6400 ta hannu da 18-135 da batir uku. Wajen sayen ta hannu, a ɗauki hoto ɗaya a duba adadin ƙyiftawar da ta yi ta shafukan da ke karanta bayanan fayil, a yi gwajin f/22 ɗin nan a gaban mai shago, a haska fitilar waya ta bayan lensi don neman zaren fumfuna, a kuma girgiza kebul a bakin caji, domin wannan bakin ne yakan fara sakewa.