Sanyin ƙasa da sifili ga kwamfuta: wanne ya cancanci riyal ɗinka?

Duk wanda ya ƙure wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta ya san zafi ne ke fara taka masa birki. Core i9-14900K tana shan wat 253 idan ta ɗauki kaya, katin hoto na RTX 4090 wat 450, RTX 5090 kuwa 575. Shi ya sa samarinmu masu haɗa kwamfutar gem a Jidda da Makka da Riyad suka fara zancen ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Kafin ka zaro kuɗi, ka sani abin da zai kashe maka madabod, wato babban allon da kayan kwamfuta ke haɗe a kai, a wannan harka raɓa ce.

Yadda kwalbar lemo ke haɗa gumi da zarar ta fito daga firij, haka tiyo da ƙarfen da ke kan furosesa za su yi muddin sun fi iskar ɗakin sanyi da yawa. Ɗakin da esi ya riƙe a digiri 24, danshi kashi 50, raɓa na fara sauka a wajen digiri 13. Ɗakin da ke digiri 30 da danshi kashi 70, tun daga 24 an fara jiƙewa. Mutumin Jidda, da Bahar Maliya ke hura masa laima, lissafinsa daban da na mutumin Riyad mai busasshiyar iska. Don haka sayayyar farko ita ce ɗan ma'aunin danshi mai araha, a ajiye kusa da kwamfutar.

Zaɓin da aka fi rububi shi ne cila, wato injin mai kwamfuresa da ke sanyaya ruwan kafin ya zaga. Masu sauƙin samu, irin Hailea, asali don tankin kifi aka ƙera su, kuma galibi a wajen digiri 4 suke tsayawa. A ganina wannan alheri ne. Ka saita ta digiri biyu ko uku sama da inda raɓa ke farawa, ka samu sanyin da babu lagireton da zai ba ka, ba tare da ka naɗe komai ba. Lagireto, komai yawan fankarsa, ba ya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗaki.

In kuwa ka dage sai ƙasa da sifili, to aiki ya samu mai shi. Sai cilar masana'antu, ko tsohon esin taga da mai gyaran firij ya juya maka. Ruwa zalla zai daskare, dole ka haɗa shi da gilaikol, maganin da ake zuba wa lagireton mota. Rabi da rabi yana kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili bai daskare ba, amma yana kauri, famfo ya wahala, kuma bai kai ruwa zalla kwashe zafi ba. Sannan kowane tiyo sai an naɗe shi da soson Armaflex, a shafe kewayen soket da basilin, a toshe bayan madabod, a liƙe kowace mahaɗa. Gurbi ɗaya aka manta, nan ɗigon zai taru yana jiran ranarsa. Katin hoto ya fi wuyar sha'ani, domin fuskarsa faffaɗa ce, ga ƙananan kayan wuta birjik a gefe.

Wani abin da 'yan'uwa ke mantawa: wutar Saudiyya a kan hez 60 take (sau nawa take juyawa a daƙiƙa), ta Najeriya da Turai da Sin a kan 50. Fankar kwamfuta da caja ba ruwansu, amma kwamfuresa da ruwanta. Ko a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka ga cila ta hannu, ko daga waje za ka yi oda, a turo maka hoton farantin da ke jikinta ka ga 60 da idonka. Ka duba ƙarfinta ma, domin adadin wat da aka rubuta na raguwa gwargwadon yadda ka sauke sanyin.

Akwai na Peltier, farantin da wuta ke sanyaya gefe ɗaya ta ƙona ɗayan. A 2020 Intel ta fito da tsarin Cryo, kamfanonin Cooler Master da EK suka ƙera a kansa. Yana auna danshi da kansa ya kauce wa raɓa, abin yabo. Sai dai shi kaɗai yana lashe wat wajen 200, kuma idan duk ƙwayoyin furosesa suka ɗauki aiki lokaci guda sai ya gaza. Na Cooler Master ma don soket LGA1200 aka yi shi, ya kwana biyu.

Busasshiyar ƙanƙara (78 ƙasa da sifili) da ruwan naitirojin (196) na masu gasa ne, a zuba, a ɗauki maki, a kwance kaya. Waɗanda suka haura gudun gigahez 9 da i9-13900K a ƙarshen 2022 har ruwan hiliyom suka yi amfani da shi. Ba a buga gem a haka.

Saura kuɗin wuta. Halala 18 ake biya kan kowane kilowat-awa a gida har zuwa 6,000 a wata, daga nan ya koma 30. Zafin da cila ta kwasa cikin ɗakinka take amayar da shi, tare da na kwamfuresarta, esi kuma ya sake kwashewa: biya biyu ke nan. Garanti ma ba ya ɗaukar ɓarnar ƙure gudu, balle ta ruwa.

Mai buga gem kawai, kula (abin sanyaya furosesa) mai lagireton milimita 360, ko ta iska irin Noctua NH-D15, da esi mai lafiya sun ishe shi. Abin da zai ƙaru da sanyin ƙasa da sifili bai taka kara ya karya ba a kan allo. Mai son gwaji da ya riga ya haɗa tiyoyinsa, ya sayi cila mai hez 60, ya tsaya sama da raɓa. Wanda zuciyarsa ke kan ƙasa da sifili, ya fara da tsohuwar madabod da furosesa na hannu, ya bar kwamfutar da yake neman abinci da ita a kan kularta.