Makullin fscrypt a Linux: tsari na 1 ko na 2?

A fscrypt, wanda ke kulle fayiloli da makullin sirri a tsarin ajiye fayil na ext4 da f2fs, saka makulli ba shi ne da wuya ba. Cire shi ne aiki.

A tsari na 1, makullin yana zaune ne a ma'ajiyar makullan mai amfani ko ta zamansa. Ka goge shi daga nan, kana ganin ka rufe ƙofa, alhali duk fayil ɗin da aka riga aka buɗe yana nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta da nasa ƙaramin makullin, ana karanta shi lafiya lau. Sai root, wato mai cikakken iko a kan na'urar, ya share ma'ajiyar wucin gadi ta hanyar drop_caches, kuma wannan ya shafi na'urar baki ɗaya. Ga wani abin haushi: shirin da ka tayar da sudo, umarnin aiki da ikon root, yana iya rasa makullin.

Tsari na 2 ya zo da Linux 5.4 a 2019, aikin Eric Biggers na Google. Nan makullin na tsarin fayil ɗin ne kansa. Umarnin FS_IOC_REMOVE_ENCRYPTION_KEY yana shafe makullin daga ƙwaƙwalwa, sannan ya kori fayilolin da aka buɗe da shi daga ƙwaƙwalwar. In wani shiri na riƙe da fayil, za a gaya maka cirewar ba ta kammala ba. Ka rufe fayil ɗin ka maimaita. In mutum biyu suka saka makulli ɗaya, ba ya tafiya sai kowa ya janye nasa.

Na 2 za ka ɗauka, sai dai in tsohuwar kernel (zuciyar Linux) ta ɗaure ka.